Muryata Da Suka Ajiye A Laburare

Dakta Elenoa, ke kika raba ni da 'yata. Ke da matar laburaren jami'arku, Malama Premila, ku biyu kuka haɗa hannu kuka yi wannan aiki. Na fara da sunanki ne don kada gobe ki ce ba ki gane da wa ake ba.

Ku masu karanta labarin nan, sunana Venina, daga tsibirin Vatulele. Shekarata hamsin da takwas. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a allo wucewa zan yi. Abin da na iya shi ne masi, ƙyallen da muke bugawa daga ɓawon itace. Tun ina da shekara tara nake jiƙa ɓawo, in kankare shi da ƙoƙon katantanwar teku, in buga shi a kan gungume har ya yi faɗi ya yi laushi. Da shi na ci, da shi na binne mijina Manasa, da shi na kai 'yata Loata har jami'a a birnin Suva. Tana shekara ta uku, karatun malanta take yi.

Yau kwana goma sha tara ban ji muryarta ba. Ina cin abinci, ina zuwa coci, ina share tsakar gida. Ba na kuka. Mata suna leƙowa su ga ko na rame, sai su tarar ina yankan rogo.

Bara ne, bayan damina, Dakta ta sauka daga kwalekwale da jakar baya da takalmin roba, zaninta mai ruwan toka ya jiƙe har gwiwa. Ta zo da ƙunshin saiwar yangona kamar yadda kowane baƙo mai tarbiyya ke yi, ta kai wa wan mijina Josateki, tunda shi ne babba a gidanmu. Maza suka daka, suka jiƙa, suka sha, suka tafa hannu. Ta ce jami'a na tara muryoyin masu sana'ar hannu, ita da mutanen laburare, don ɗalibai su saurara ta kwamfuta ko suna wane tsibiri. Ta fito da takarda. Josateki ya ɗora tabarau a hanci, ya duba sama ya duba ƙasa, ya sa hannu. Ni ina waje ina tafasa shayin ganyen lemo. A wurinmu in babba ya karɓi yangona, ai an gama magana, gida duka ya yarda. Ba wanda ya kira ni. Ban kuma ga laifin hakan ba a lokacin.

Washegari ta zauna a rumfata, ta ajiye wata 'yar na'ura baƙa a kan tabarma. Yarinya ce mai daɗin zama. Tana jin harshen tsibirinmu, kakarta daga nan take. Ta ɗauki muciyar bugu ta gwada, ta bugi babban yatsanta, muka yi ta dariya.

"Dakta, da wannan hannun kika ci jarrabawa?"

"Mama, ki rufa min asiri, kada ɗalibaina su ji."

Awa uku muna hira. Na nuna mata yadda muke yanka zane a jikin tsohon hoton ƙashi na asibiti, mu ɗora a kan masi mu shafa baƙin hayaƙi. Sai ta ɗauko wani tsohon zane daga ƙasan kwando, ganye biyu a reshe ɗaya, ɗayan a karye.

"Wannan fa? Ban taɓa ganinsa a littafi ba."

"Ba za ki gan shi ba. Nawa ne."

"Me yake nufi?"

Na nuna na'urar da haɓa. Na ce, "Kashe wannan tukuna."

Ta duba agogonta, ta rubuta wani abu a ɗan littafi. Ta ce, "Kada ki damu, Mama, na rubuta mintin. Zan yanke wurin da hannuna, ba wanda zai ji."

Ban san me ya buɗe bakina ba. Wataƙila don baƙuwa ce, gobe za ta tafi. Wataƙila shekara ashirin da biyu sun yi wa ƙirji ɗaya yawa. Na faɗa mata ganyen da ya karye ƙanwata ce Sereima. Ta je aiki babban tsibiri tana da shekara goma sha takwas, ta dawo da ciki. Na wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ɗan tsibirin Kadavu, har sunansa da na ƙauyensu na faɗa. Ni kuwa shekara shida da aure ko ɓari ban taɓa yi ba. Manasa ya kwashe mu mu biyu zuwa garin Lautoka da sunan aikin rake. Can ta haihu, can zazzaɓi ya ɗauke ta bayan kwana goma sha ɗaya. Muka dawo da jaririya a hannuna, Manasa ya sa aka rubuta ta a littafin danginsa, 'yarsa ta cikinsa. Tun daga ranar ba wanda ya sake kirana Venina a garin nan. Maman Loata, shi ke nan.

Dakta ta share hawaye da gefen zani. Ta rungume ni. Da za ta tafi na ba ta masi mai tsawon hannu huɗu.

Yanzu ku ji wanda ke son 'yata. Waisake sunansa, ɗan ƙauyen da ke ɗaya gefen tsibirinmu, yana gyaran injin kwalekwale a Suva. Dogo ne, ba ya iya kallon babba a ido, in ya zo gaishe ni sai ya zauna a bakin ƙofa kamar wanda aka kora. Shekara biyu suna tare. Danginsa sun sa rana, Asabar ta ƙarshen wata za su kawo tambuwa, haƙorin babban kifin teku da ake miƙa wa dangin uban yarinya in ana neman aurenta. Na riga na buga masin da za ta ɗaura. Na ɗinka riga da zani masu shuɗin fure, ni da ita iri ɗaya.

Ranar wata Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Waisake ne.

"Mama, kina zaune?"

"Ina tsaye, ina shanya ɓawo. Me ya faru? Injin ya cinye maka yatsa?"

"Mama, ki zauna."

Ashe a darasin da Loata ke ɗauka, an sa wa ɗalibai aikin mako na shida a shafinsu na kwamfuta: su saurari masu yin masi na Vatulele. Ƙawayenta suka ga hotona a kai. Suka ce, "Loata, ga tsohuwarki ta zama tauraruwa, zo mu ji!" Su biyar suka shiga ɗakin karatu na laburare, suka sayo biskit, suka ƙure murya. Suna dariya a wurin da Dakta ta bugi yatsa. Cikinsu har da 'yar ƙanwar uwar Waisake.

Ya ce Loata ba ta tashi ba. Ta zauna ta ji har ƙarshe, har inda nake cewa a ƙara sukari a shayi. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

Na ce, "To." Na gama shanya ɓawon, don in aka bar shi a kwando wari yake yi.

Na kira ta sau goma sha ɗaya a kwana biyu, ba ta ɗauka ba. A rana ta uku saƙo ya shigo. Ku sani, ni da Loata ba ma rubutu. Kullum da safe muryarta take turo min: "Mama, kin sha maganin ƙafa? Mama, yau malaminmu ya sa riga a baibai." Wannan karon baƙaƙe ne, layi-layi, cike da fuskar waya. Na kalle su na daɗe. Yarinyar da ta san ko alif ban sani ba ta turo min rubutu. Na ce a raina, ta rufe ƙofa ke nan. Ban sake kira ba. Ban kuma ba kowa ya karanta min ba, don garin ya riga ya ji abin da ya ishe shi.

Ranar Lahadi bayan coci Akanisi, uwar Waisake, ta zo da farar rigarta da fankar kaba. Ta zauna, ta ƙi shayi.

"Maman…" Ta tsaya, ta gyara zama. "Venina, ba da faɗa na zo ba. Muna son yarinyar nan. Amma haƙorin nan na kakan Waisake ne, ba ma miƙa shi a hannun da ba shi ba. In ubanta ɗan Kadavu ne, Kadavu za a kai. In na Manasa ce, a faɗa mana a gaban mutane. Mazan gidanmu sun ce a dakata."

"Wa ya yi mata wanka, Akanisi? Ɗan Kadavu?"

"Ni ban ce komai ba. Muryarki ce ta ce."

Tana fita Josateki ya shigo, ko sallama babu.

"Ke wace irin mata ce? Ƙanena ya rufe magana ya tafi da ita kabari, ke kin buɗe wa na'ura!"

"Yaya, kai ka sa hannu."

"Na sa hannu a kan masi, ban sa hannu a kan bakinki ba. Ki tashi a coci ki ce tatsuniya kika yi wa baƙuwa. Sunanta na littafinmu, rabonta na ƙasarmu. Kin san abin da za ki jawo mata?"

"Ba zan ƙaryata Sereima sau biyu ba."

"To ki zauna da gaskiyarki, ki ga ko za ta aurar miki da 'ya."

Na yi mako guda ina jiran jami'a ta kira. Shiru. Sai na ɗaura zanina na zuwa biki, na hau kwalekwalen safe, na hau bas zuwa Suva. Ɗakin Loata a kulle, maƙwabciyarta ta ce kwana biyu ba ta gan ta ba. Na wuce laburaren.

Gini ne mai sanyi kamar cikin firji, yara zaune layi-layi da abin ji a kunne. A bango kusa da ƙofa ga ni nan, babba, ina riƙe da muciya ina dariya. Gefena Dakta da wata Ba'indiya mai tabarau suna riƙe da wani kofi na azurfa. Mai gadi ya ce kyautar haɗin kai ce suka ci, tsakanin malamai da ma'aikatan laburare. Ya dube ni ya dubi bango, ya ce, "A'a, Mama, ke ce!" Ya so mu ɗauki hoto.

Malama Premila, Ba'indiyar da ke cikin hoton, ta kai ni ofishinta, ta kira Dakta a waya. Kafin ta iso ta ba ni ruwa a kofin takarda. Siririya ce, gashinta ya fara fari, tana magana a hankali da harshen gari, wanda duk ƙasar ke ji, irin na kasuwa. Dakta ta shigo da gudu, kati na lilo a wuyanta, ta durƙusa a gabana.

"Mama, ban san ta inda zan fara ba."

"Fara daga mintin da kika rubuta."

Ta ce ta dawo daga wurinmu aiki ya yi mata yawa, ga tafiya taro ƙasar waje, ga masu ba da tallafi suna son ganin aiki kafin ƙarshen wata. Sai ta zuba duk abin da ta ɗauko a ma'ajiyar da suke tarayya da laburare, da niyyar in ta dawo ta yanke. Ta ɗauka ba za a saki komai ba sai ta ce a saki.

Premila ta ce, "Dakta, abin da aka zuba a wannan ma'ajiya, an gama da shi ke nan. Haka muka rubuta a yarjejeniya, ke kika sa hannu."

"Amma ai kuna saurara kafin ku saki."

"Na saurara. Na ji murya ta fita, ba ƙara, ba tsinkewa. Ba na jin harshen Vatulele, kin sani. Na nemi fassara sau biyu, kika ce tana zuwa."

"Awa uku, Premila! Wa ke sa wa ɗalibai awa uku?"

"Mu ba ma yanka. Aikinmu mu ajiye abu yadda ya zo. Takardar izini ta ce kowa na iya ji. Ke kuma kika sa shi a darasin mako na shida."

"Na ɗauka guntun ne!"

"Ba ki buɗe ba?"

Dakta ta kawar da kai.

Ina zaune tsakaninsu, kaina na juyawa dama da hagu. Na lura agogon bangon ya tsaya. Na lura takalmin Dakta sabo ne. Ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba. Na ce, "Kun gama? To ku cire."

Premila ta juya kwamfutarta. Ta ce cirewa gaba ɗaya sai wanda ya sa hannu a takardar izini ya nema a rubuce, sannan kwamiti ya zauna, kuma kwamitin sai farkon wata.

"Wanda ya sa hannu? Josateki?"

"Shi ne sunan da ke nan, Mama."

"Muryar wa ke ciki?"

"Taki."

"'Yar wa?"

Josateki kuwa na san ba zai nema ba, don in ya nema ya yarda gaskiya ce. Na tambaye ta mutum nawa suka ji. Ta duba ta ce an buɗe sau ɗari biyu da goma sha huɗu, wasu sun sauke a wayoyinsu, waɗannan kam ba mai iya dawo da su. Garinmu duka, da jarirai, ba mu kai haka ba.

Ta cire tabarau ta murza ido. Sai ta danna wani abu. Ta ce, "Na ɓoye shi daga yanzu. Ba ni da izinin yin haka, in an tambaya ni na yi." Na ba ta wannan, ku shaida. Amma ban gode mata ba.

Dakta ta ce za ta rubuta wasiƙar ban haƙuri, za ta kawo yangona har gida. Sai wayarta ta yi ƙara, ta ce tana da aji ƙarfe biyu, ɗalibai na jira. Ta tafi.

Muka rage mu biyu. Na dubi matar nan. Ba ta san kowa a garinmu ba, ba ta zuwa cocinmu, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Na kwance bakin zanina na fito da waya.

"Kin iya karanta harshen gari?"

"Na iya, Mama."

"Karanta min wannan. Kada ki gyara komai."

Ta karɓa. Ta karanta a ranta tukuna. Sannan ta fara.

"Anti. Ban san me zan kira ki ba yanzu, ki yi haƙuri. Na gwada turo murya sau da yawa, in na buɗe baki ba abin da ke fita, shi ya sa na rubuta. Ki kai wa matar fasto ta karanta miki. Ba na fushi da kika ɗauke ni. Ina fushi da baƙuwa ta riga ni ji. Kullum ina zuwa laburare ina saurara, don nan ne kaɗai na taɓa jin kin faɗi sunan uwata. Ki zo Suva kafin Juma'a ki faɗa min da bakinki, ina kallonki. In kin zo, zan bi ki gida, duk abin da Baba Josateki ya ce a faɗa zan faɗa. In ba ki zo ba, na gane, zan hau jirgin ruwan Kadavu in nemi mutumin. Waisake ya ce zai raka ni, na ce a'a."

Premila ta ajiye wayar a kan tebur a hankali.

Na ce, "Wace Juma'a?"

Ta duba ranar saƙon. Ta ce, "Wadda ta wuce, Mama."

Na ce, "To." Na mayar da wayar bakin zani na ɗaure. Na shanye ruwan kofin, don ba kyau a bar abin da aka ba ka. Na fita ta gaban hotona. A tashar bas na sayi burodi, na ci rabi. Na kira Loata, wata mata ta cikin waya ta ce ba a samun layin. Na kira Waisake, ya ce yana bakin tashar jirgi tun ranar, duk jirgin da ya dawo sai ya ƙirga masu sauka.

"Mama, in ta dawo da wani uba, ni wa zan kai wa haƙorin?"

Na ce, "Ka je ka ci abinci."

Nawa laifin na sani, ba sai an karanta min ba. Shekara ashirin da biyu na yi shiru, kwana goma kuma na riƙe maganar 'yata a bakin zani saboda girman kai. Wannan ni da Allah ne. Amma ranar faɗa tawa ce. Na riga na zaɓe ta: safiyar da zan naɗa mata masi a ƙugu, mu biyu a ɗaki, ƙofa a rufe. Haka uwata ta faɗa min nata abubuwan, haka ake yi. Ba a ɗakin gilashin laburare ba, da biskit, da yara huɗu suna kallon fuskarta.

Matar fasto ce ke rubuta wannan, na ce ta sa shi inda ɗalibanku ke karantawa. Dakta Elenoa, ba na son wasiƙa, kin san ba zan iya karantawa ba. Ba na son yangona, maza za su shanye su tafa hannu su ce an yafe, ni ba a tambaye ni ba. Kun ce aikin na ku biyu ne, to ku zo ku biyu. Jirgin Kadavu na tashi Juma'a, ni zan hau, ban taɓa taka tsibirin ba, ban san wace ƙofa zan buga ba. Ku zo ku hau tare da ni. In mun sami Loata, ku tsaya a gabanta, ba a gaban kwamiti ba, ɗayarku ta buɗe baki ta ce, "Ni ce." Ku daidaita tsakaninku kafin Juma'a. Wace ce a cikinku?